Makulli Mai Kifi

Birnin Kebbi,
farkon damina.

Zuwa ga aminina Albashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Salwa da yara. Yaya Argungu, yaya ruwa? An ce mini gulbi ya fara cikowa, masu shinkafa sun shiga fadama. Mu nan lafiya lau. Ɗayyaba tana gaishe ku, ɗiyarka Umma ta fara tafiya, ba abin da take bari a inda aka aje shi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Tamba direba. Ka san teburina a bakin hanya yake, duk abin da na faɗa a waya sai ya riga ni isa gida. Maganar kuwa doguwa ce.

Na shiga ƙungiyar masu yankan makulli da gyaran kwaɗo. Na san yanzu ka taɓe baki, don tun muna koyon aiki a hannun Malam Ɗantsoho ba ka son abin da za a ce a taru a yi. To, sarkin taurin kai, Malam ɗin ne shugaba. Shi da kansa ya tako har teburina ya ce ba zai yiwu ɗan da ya rena ya tsaya a waje ba. Ka gaya mini yadda zan ce masa a'a. Mutumin da ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake riƙon magagari.

Kuma ba kunyar Malam kaɗai ta kai ni ba. Ka tuna bara, da aka buɗe wani shagon magani ba tare da an fasa ƙofa ba, aka kwashe duk mai yankan makulli a layinmu kamar awakin da suka yi ɓarna. Mun wuni a zaune a ƙasa a ofishin 'yan sanda, ba wanda ya zo ya ce ya san mu. Malam ya ce wannan ya ƙare. Duk ɗan ƙungiyar da aka taɓa, ƙungiya za ta je ta tsaya masa. Ga kuma aikin sababbin gidajen unguwar Gesse, wanda ba a ba kowa sai ta hannun ƙungiya.

Dokokin ba su da wuya, abin da dama muke yi ne. Ba a yanka makulli daga shatin sabulu. Ba a buɗe ƙofa sai mai ita yana tsaye. Mai makulli shi zai kawo abinsa da hannunsa. Sabon abu guda ne, kuma shi ya fi burge ni: kowane ɗan ƙungiya an ƙera masa ɗan ƙarfe mai alama a baki. In ka gama yanka makulli, sai ka ɗora ƙarfen a kansa ka ba shi guduma, alamarka ta fito. Ta haka za a san aikin kowa, ba mai ɗora wa wani aikin da bai yi ba. Wasu sun zaɓi tauraro, wasu wata, wasu harafin sunansu. Ni kuwa ɗan Argungu, jikan masunta, mi zan zaɓa in ba kifi ba? Na ce wa maƙerin ya yi mini giwan ruwa, ya yi mini abin da ya fi kama da tarwaɗa. Na karɓa a haka, ina son abina.

Makullin farko da ya ɗauki kifin, na Inna ne. Ga shi nan tare da sabon kwaɗo a hannun Tamba. Don Allah ka kai mata da kanka, ka cire mata tsohon nan da ke cin rai kullum. Ka nuna mata kifin, ka ce mata sa hannun ɗanta ne.

Madam Ozioma, mai atamfar da teburina ke jingine da bangon shagonta, ta ga kifin ta yi ta dariya. Ta ce yanzu na zama babban mutum, sai ta fara karɓar kuɗin inuwa. Ka santa, ita ce mai Hausar nan da ta fi ta wasu 'yan gari. Shekara da shekaru in za ta ɗauko yara daga makaranta, ni take bar wa shagon a buɗe. Ko ruwan sha daga wajenta nake samu.

Ka yi tunani, Albashir. An ce za a buɗe reshe a Argungu nan gaba. Kada ka zama na ƙarshe.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka gaishe da Salwa. Allah ya bar zumunci.

Naka kullum,
Junaidu.


Birnin Kebbi,
tsakiyar damina.

Aminina Albashir,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida da ta yara. Na ji zazzaɓi ya taɓa ƙaraminku, Allah ya sa kaffara ne. Na samu amsarka, na karanta, na yi dariya har Madam Ozioma ta leƙo. Wato ka ce ƙungiya wurin cin goro ne da sa babbar riga. To, ka zo ka ga goro.

Aiki ya buɗe, alhamdu lillahi. Tun da aikin Gesse ya fara injina bai huta ba. Yari, ɗan Malam, shi ke kawo mana rabonmu. Ka san shi, babban nan da aka yi aka yi ya koyi sana'a ya ƙi, wai hannunsa ba na baƙin mai ba ne. Yanzu ya girma ya yi tumbi, shi ke yawo da babur tsakanin masu gidaje da mu. Zai zo da makullai a leda ya ce Baba ya ce a fitar da biyu-biyu, ya shige shagon Madam ya zauna gaban fanka yana taya atamfar da ba zai saya ba, in gama ya karɓa ya wuce.

Ranar nan ma ya kawo wasu, duk sababbi suna ƙyalli, sai guda ɗaya tsoho a cikinsu, haƙoransa sun cinye. Na ce a raina wane sabon gida ne da tsohon makulli haka. Har na buɗe baki zan tambaya, sai na tuna saƙon Malam ne. Kai ma ka sani, tun muna yara in Malam ya aiko ba a cewa na wane ne. Na yanka, na gyara shi da magagari yadda zai shiga, na buga masa kifinsa tare da sauran.

Maganar Inna ta faranta mini rai. Ka ce ta sa makullin a zare ta rataya a wuya, duk wadda ta shigo gidan sai an nuna mata kifin. Na karanta wa Ɗayyaba wurin, ta ce tsohuwa ta samu sarƙa. Wallahi na ji daɗi, ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Tun rasuwar Baba ban yi mata abin da ta yi alfahari da shi a gaban mutane ba.

Liman ɗin masallacin unguwarmu ma ya ba ni aikin ƙofofi da akwatin amsa-kuwwa. Na yi shi saboda Allah. Yanzu ladan da kifi a aljihu yake kiran salla.

Har yanzu ina nan a kan bakana, ka shigo. Ka gaishe da kowa da kowa.

Naka,
Junaidu.


Birnin Kebbi,
ƙarshen damina.

Albashir,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki da sauƙi. Na san labari ya riga takardar nan isa Argungu, don mugun labari ba ya jiran Tamba. Ina so ka ji shi daga bakina kafin masu ƙari su gama da shi.

An kwashe ɗakin ajiyar Madam Ozioma da ke bayan shagonta. Ranar Lahadi ne da hantsi, tana coci, ni kuma na tafi Ambursa sunan ɗan ƙanen Ɗayyaba. Wasu mutane suka zo da a-kori-kura, suka sa makulli suka buɗe, suka yi ta lodi hankali kwance. Maƙwabta suna kallo. Har akwai wanda ya yi musu sannu da aiki, don a ganinsa wanda ya buɗe da makulli ai aiko shi aka yi. Kayan da ta sauke na bukukuwan ƙarshen shekara, ba su bar mata ko falle ɗaya ba.

Sun bar abu guda dai. Makullin ya buɗe kwaɗon amma ya ƙi fita, ka san yadda sabon yanka ke maƙalewa a tsohon kwaɗo. Sai suka bar shi rataye a jikin ƙofa. Da Madam ta dawo ta juya shi, ta ga kifi.

Da na je aiki washegari, 'yan sanda na iske suna jirana. Ban ga laifinsu ba, sun samu abin da ba su taɓa samu ba, makulli ɗauke da alamar wanda ya yanka shi. Ina ganinsa na gane shi. Shi ne wanda na yanka daga tsohon nan da na gaya maka Yari ya kawo cikin na Gesse. Ashe tsohon na Madam ne na ajiya, wanda take ratayewa a ƙusa bayan ƙofa, daidai inda yake zama shan fanka. Ka dubi ƙarfin hali, Albashir. Ya zare shi daga ƙusarta, ya fito ya miƙa mini a ƙofar shagonta, na yanka masa tana jin ƙarar injin, ya koma ya mayar.

Sun tambaye ni wa ya kawo. Na ce masu kawo aiki suna da yawa, a ba ni lokaci in tuna. Na san za ka ce na yi wauta. Amma ta yaya zan ambaci sunan ɗan Malam a gaban hukuma alhali Malam bai ji daga bakina ba? Maganar gida ai maigida ake fara kai wa. Kuma zuciyata a kwance take, na ce kafin azahar za ka ga manyan ƙungiya sun shigo da rigunansu. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ɗaga kai. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, gari ya waye ya sake wayewa. Wanda ya zo ya yi belina yayan Ɗayyaba ne, mai sayar da albasa, wanda bai san inda ofishin ƙungiya yake ba.

Ina fitowa ko gida ban je ba, na wuce wajen Malam. Na durƙusa na gaya masa komi tun daga farko. Da na gama ya ce in yi haƙuri, in rufe bakina, ƙungiya za ta zauna kuma za a yi abin da ya dace. Na tambayi inda Yari yake, Malam ya ce ya yi tafiya. Ya sa mini albarka, na taso.

Ina jiran zaman. Har yanzu ina da yaƙinin Malam ba zai bari a ci mutuncina ba. Yana dai neman hanyar da zai fitar da ni ba tare da ya tona wa gidansa asiri ba, kuma na fahimce shi, uba ne. Abin da nake so kawai a wanke sunana. Kai ka san sana'ar nan, ba injin muke ci da shi ba, yarda ce. Ranar da aka daina yarda da kai, ko injinka na zinariya ne sai ka rufe shi da buhu.

Don Allah ka je wajen Inna ka kwantar mata da hankali. Ka ce mata kuskure ne kuma ana gyarawa. Ku sa ni a addu'a.

Naka,
Junaidu.


Birnin Kebbi,
lokacin kaka.

Aminina Albashir,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Salwa da yara. Na gode da shinkafar da ka aiko, ta zo a kan gaɓa, Allah ya saka. Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Na sha ɗaukar biro in aje saboda baƙin ciki.

An yi zaman. A zauren Malam aka yi shi, zauren nan da ni da kai muka share shekara da shekaru. Kowa ya zo, har waɗanda ba sa zuwa taro sai in an ce akwai rabon aiki. Aka sa ni a tsakiya. Malam yana kan buzunsa da carbi. Abdussamadu, magatakardan ƙungiya, shi ya riƙa tambaya. Ya ɗaga hoton makullin ya ce alamar wa ce, na ce tawa. Ya ce ni na yanka, na ce ni ne. Ya ce mai makullin ce ta kawo shi da hannunta kamar yadda doka ta ce, na ce a'a. Sai ya ce to a ina maganar ta rage.

Na dubi Malam. Wallahi na daɗe ina dubansa, ina jiran ya ɗaga kai ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya. Carbinsa kawai yake ja. A nan na gane ba wata hanya da yake nema mini. Sai na faɗa. Na ce Yari ne ya kawo shi cikin makullan Gesse da sunan saƙon Malam, kuma duk wanda ke zaune a zauren nan ya karɓi leda daga hannun Yari ya yanka bai tambaya ba. Na ce in akwai wanda mai gida a Gesse ya taɓa kawo wa makulli da hannunsa, ya miƙe in gan shi.

Ba wanda ya miƙe. Amma zauren ya kaure. Ka san mi ya tada su? Ba satar ba, ba dukiyar matar da aka kwashe ba. Wai na yi rashin kunya. Wai na dubi tsabar idon wanda ya koya mini sana'a na kira ɗansa ɓarawo a cikin zaurensa. Wani ya ce butulci, wani ya ce dama 'yan bakin gulbi ba su da ta ido. Mutanen da na raba wa goro ranar da aka ba ni ƙarfena. Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce shi bai taɓa aiken kowa da tsohon makulli ba, Yari kuma ya tsallaka Nijar neman abinci tun kafin abin ya faru. Ya ce ya yafe mini abin da na faɗa, don wanda ruwa ya ci komi ya samu kamawa yake yi. Ka ji, shi ne ma ya yafe mini.

Suka yanke cewa na karya doka, an kore ni. Abdussamadu ya miƙo hannu ya ce in ba da ƙarfen. Na ciro shi daga aljihu na aje a kan tabarma, ban ba shi a hannu ba. Iyakar abin da na iya yi ke nan.

Da yamma ga Abdussamadun nan a ƙofar gidana, ya ɓoye babur a lungu kada a gani. Ya ce kowa ya san gaskiyata. Ya ce ba yau Yari ya fara ba. Amma aikin Gesse da sunan Malam aka karɓo shi, in sunan Malam ya ɓaci, masu gidaje za su janye, kowa ya rasa. Ya ce in duba, ni ɗaya ne, su kuwa suna da yawa kuma kowa da iyali. Har da cewa in ƙura ta lafa za a duba a mayar da ni. Na ce masa ya gaida gida. Na fi jin zafin zuwansa a kan zagin da aka yi mini a zaure. Mai zagina aƙalla zan ce bai sani ba.

Na koma wajen 'yan sanda na ba da sunan Yari. Suka ce don mi ban faɗa tun farko ba, kuma wa zai shaida. Wa kuwa? Makulli ba ya ɗauke da alamar wanda ya kawo shi, sai ta wanda ya yanka. Maganar tana nan ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba, ana ta ce mini in dawo.

Ka san abin da ke hana ni sukuni? Masu yankan makulli a tasha da bakin kasuwa, waɗanda ba su cikin ƙungiya, ko shatin sabulu ka kai musu za su yanka maka. Da wajensu Yari ya je, da har gobe ba a san wanda ya yi ba. Ni da na ce ga sunana ku gani, ni kaɗai ake iya kamawa. Da hannuna na ɗora ƙarfen, da hannuna na ba shi guduma, ina murna.

Madam Ozioma ta kira ni cikin shago. Kantocin duk wayam, sai 'yan tsirarun yadi. Ta ce ta san ba ni ba ne, ta ce da zan yi mata sata da na yi tun shekarun da take bar mini ƙofa a buɗe. Amma mijinta da 'yan'uwanta sun ce ba za su ƙara ganin teburina a jikin bangon ba, ita ma in ta ji ƙarar injina sai gabanta ya faɗi. Tana faɗa tana kuka. A ƙofarta aka yanka, da injina. Na nemo mai baro ya kwashe mini kaya. Ta biyo ni da ruwan sanyi kamar kullum, na kasa karɓa.

Yanzu teburin yana zauren gidan da muke haya. Ɗayyaba tana ƙoƙari, ta fara ƙosai da safe. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai na ga ta daina zuwa bukin unguwa.

Ka gaishe da Inna. Kada ka gaya mata duka.

Naka,
Junaidu.


Birnin Kebbi,
bayan girbin shinkafa.

Albashir, ɗan'uwana,

Salamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali, kuma an kai amfanin gona gida lafiya. Takardarka ta iso. Abu biyu ka tambaye ni, zan amsa maka su duka, amma bari ka fara jin yadda 'yan'uwana na ƙungiya suka tsaya mini.

Sun sa an yi shela a kasuwa da masallatai, wai don kare dukiyar jama'a, duk mai makullin da ke da alamar kifi ya gaggauta sauya kwaɗonsa, kuma ya kai aikin wajen ɗan ƙungiya mai alama. Ka san yawan makullin da na yanka a daminar nan? Ni ma ban sani ba, amma su sun sani yanzu. Ba su taɓa samun kasuwa irin wagga ba. Abdussamadu ya sauya babur. Wanda ya ce mini butulu ya ɗauko kwaɗuna kwali-kwali daga Sakkwato, sun ƙare ya koma. Gidajen Gesse da na yi wa aiki an sake ba ƙungiya aikin sauya su, ta hannun Malam. Wato sun ci da aikina, yanzu suna ci da sunana. Ni ne dai ƙungiya ta fi amfana da shi tun da aka kafa ta.

Ranar Juma'a na je masallaci da wuri, na iske ladan yana buɗe ƙofa. Ya gan ni ya juya baya yana kare hannunsa da riga. Sabon kwaɗo ne, makullin da tauraro. Wancan da na sa musu saboda Allah, ban san inda aka jefa shi ba. Na yi sallata a sahun baya na fito. Yara a unguwa sun samu abin wasa, suna tsintar makullai masu kifi a bola suna ɗaurawa a zare. Har Umma ta shigo da guda tana nuna mini, ta gane na babanta ne.

Yari ya dawo, in ba ka ji ba. Ya yi ƙiba. Na gan shi a kan babur da leda a rataye, yana rabon aiki. Ya ɗaga mini hannu.

To, tambayarka ta farko. Ka ce an buɗe reshe a Argungu, an ce wanda bai shiga ba ba zai aje tebur a kasuwa ba, kuma kana son shawarata ko akwai amfani a shiga. Ni da na cika ka da wa'azi a farkon damina, yau ni kake tambaya. Akwai amfani mana. Za ka samu aiki, za ka samu wurin zama, za a kira ka taro a ba ka lemo. Muddin ba abin da ya faru, ƙungiya tana bayanka. Ranar da abu ya faru za su zauna su duba wa za a bayar don saura su tsira, kuma ba za su bayar da mai zaure ba. Ba zan ce maka kada ka shiga ba, kana da yara, ga ni nan a waje ina ganin yadda wajen yake. Tun safe har yamma ba mai sallama da ni sai mai neman aron guduma. Ka shiga. Amma ko wa ya aiko, ko da Malam ne ya tako da ƙafarsa, ka tambaye shi makullin na wane ne, a gaban mutane, da ƙarfi. A ce ba ka da kunya tun yau ya fi.

Tambayarka ta biyu ita ta hana ni amsawa da wuri. Ka ce Inna ta zo teburinka da kanta, ta jira mutane suka watse, ta ciro makullin daga cikin riga ta ce ko za ka iya goge mata kifin. Ka ce ba ta yarda a sauya kwaɗon ba ko da Kawu ya matsa, ta ce ɗanta ne ya sa mata. Kifin kawai take so a cire, don in ta je suna ko gaisuwar mutuwa mata suna kallon wuyanta suna ƙus-ƙus. Ka ce ka kasa, ka ce mata magagarinka ya dakushe, kana jiran abin da zan ce.

Na gode da ka tambaye ni. Ka goge mata, Albashir. Ka sa magagari mai laushi, ka bi kan a hankali har ya yi sumul, kada ka taɓa haƙoran, kwaɗon yana da kyau zai daɗe yana yi mata aiki. Kada ka bari ta biya. Kuma kada ka gaya mata na sani, ka bar ta a kan ta ɓoye mini.

Ranar da za su ba ka naka ƙarfen za su ce ka zaɓi alama. Ka zaɓi tauraro ko wata, irin na kowa. Kada ka zaɓi abin da mahaifiyarka za ta rataya a wuya.

Ka gaishe da Salwa da yara. Ɗayyaba tana gaisuwa. Allah ya tsare ka, ya tsare sunanka.

Ni ne naka har kullum,
Junaidu.